Kalmomin Kaka a Cikin Tsohuwar Kwamfutar Aljihu

A ƙarshen daminar bara, muna tsakiyar darasin keɓaɓɓun kalmomin sana'o'in gargajiya, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye ni mene ne gululu. Na ce mata shi ne ɗan dunƙulen yumɓun da ake sakawa a gindin mazari domin ya yi nauyi ya daɗe yana juyawa. Ta rubuta, sa'an nan ta sake ɗaga hannu ta ce, to, shi mazarin mene ne? Ƴan aji suka yi dariya, ni ma na murmusa, amma tambayar ta bi ni har gida. Yarinyar Bahaushiya ce gaba da baya, haifaffiyar Maraɗi, sai dai ba ta taɓa ganin mace zaune tana kaɗi ba. A daren nan na tuna cewa ina da kalmomin kaɗi da saƙa sama da ɗari huɗu waɗanda na tattara daga bakin kakata, kuma rabona da su ya haura shekara goma sha biyar. Suna cikin wata ƴar na'ura da na naɗe da tsumma na jefa a ƙasan adaka, tare da tsofaffin takardun makaranta.

Sunan na'urar Psion Series 5mx. Wani kamfanin Ingila ne ya fito da ita a 1999, kuma tana cikin dangin da ake kira kwamfutar aljihu ko kwamfutar tafin hannu. Girmanta bai wuce na gidan tabarau ba sosai, nauyinta wajen giram 350. Idan aka buɗe ta, jerin maɓallan rubutu yakan zamo gaba, fuskar ta kishingiɗa baya, mutum ya ɗora ta a cinya ya yi rubutu da yatsun hannu biyu. Fuskar ba ta da launi sai baƙi da toka-toka. Ƙwaƙwalwarta megabait 16 ce, abin da hotuna kaɗan na wayar yau za su cinye. Tsarin da ke tafiyar da ita shi ake kira EPOC, wanda daga baya ya zama tushen Symbian, tsarin da wayoyin Nokia da yawa suka yi aiki da shi. Kamfanin ya daina ƙera irinta domin kasuwar jama'a a 2001. Ni a 2005 ta zo hannuna, lokacin da wani malaminmu a Yamai ya ga ina shirin fita bincike, ya ba ni aronta, daga baya ya ce in riƙe.

Abin da ya sa ta dace da aikina shi ne abincinta. Batir biyu take ci, irin na AA da ake samu a teburin kowane mai kayan tireda. Ƙauyen kakata, a arewacin Maraɗi, ba shi da wutar lantarki a lokacin, amma batir biyu sukan kai ni sati biyu zuwa uku ina rubutu kamar sa'a guda kullum. Da la'asar nakan zauna a gefen tabarmarta, ita da taskira da alli da mazari, ni da na'ura a cinya. Ta nuna mini yadda ake gurza a raba kaɗa da gurya, yadda ake shiɓa da baka, da bambancin zare da abawa. Ba ta cewa auduga, kaɗa take cewa, kamar yadda ake faɗi a yawancin yammacin ƙasar Hausa. Da yake akwai wasa tsakanin kaka da jika, maigida take kirana, na'urar kuwa ta raɗa mata suna allon nasara. Wata rana ta dakatar da mazari ta dube ni ta ce:

"Maigida, wannan allon naka, shi ba a wanke shi a sha?"

Na ce ba a wanke shi, Kaka.

"To, maganar da kake zuba mishi, ina take kwana?"

Na ce a cikinsa take kwana. Ta ce, "Allah ya sa ya fi ni riƙo," ta ci gaba da kaɗinta. Ta rasu a 2008, Allah ya jiƙanta da rahama.

Amsar da na ba ta rabin gaskiya ce, kuma duk mai son tayar da tsohuwar na'ura irin wannan wajibi ne ya san sauran rabin kafin ya taɓa komai. Wuraren ajiya biyu gare ta. Na farko ana kiransa C, yana cikin jikinta, kuma irin ƙwaƙwalwar nan ce wadda ba ta riƙe abu sai da wuta. Saboda haka ne aka yi mata batir na uku, ɗan faifai mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, wanda aikinsa ya riƙe ƙwaƙwalwar yayin da ake canza manyan biyun. Ranar da ukun suka mutu tare, duk abin da ke cikin C ya tafi ke nan. Wuri na biyu ana kiransa D, shi ne katin ajiya na CompactFlash da ake zurawa a ƙasanta. Shi ba ya bukatar wuta. Abin da aka rubuta a kansa yana nan ko da na'urar ta shekara goma a kashe. Na san wannan duka a 2005. Abin da ban yi ba shi ne aiki da sanin a 2007, lokacin da na sami babbar kwamfuta na ajiye ƙaramar da niyyar kwashe kayan cikinta idan na sami sarari.

Da na warware tsumman na buɗe mazaunin batir, sai na tarar da farin gari ya daskare a bakin ƙarafan. Laifin nawa ne, domin ni na bar batir a ciki tsawon waɗannan shekaru har suka zubar da ruwansu. Zuciyata ta so in goge in saka sababbi nan take in ga ko za ta tashi, amma na daure. Abu na farko da na yi shi ne na zare katin, domin shi ne dukiyar, na'urar kuwa mazubi ce. Washegari na samo ƴar na'urar karanta kati mai shiga kafar USB a wajen wani mai ɗaukar hoto, domin manyan kyamarori sun daɗe suna amfani da irin wannan katin. A lura, mazaunin katin yana da siraran allurai hamsin, kuma idan aka tura shi a karkace ɗaya za ta iya lanƙwashewa. Na zura shi a hankali, kwamfuta ta gan shi, na kwafe duk abin da ke ciki zuwa wurare biyu kafin in buɗe ko da fayil guda.

Da na zo buɗewa sai ga matsala ta biyu. Fayilolin suna nan da sunayensu da ranakunsu, amma babu manhajar da ta gane su, domin na'urar tana ajiye rubutu da nata tsarin na daban. A zamaninta akwai manhajar PsiWin da ke juya su zuwa tsarin Windows ta hanyar wata igiya mai shiga kafar da kwamfutocin yau ba su da ita. Igiyar tawa ta daɗe da ɓata. Hanya mafi sauƙi da ta rage mini ita ce in tayar da na'urar da kanta, ta buɗe abin da ta rubuta, ta fitar mini da shi a matsayin zallar rubutu.

Farin garin da batir mai alkalin yake bari dangin gishirin da ke cikin ruwan toka ne, saboda haka tsami ne maganinsa. Na jiƙa ƴar auduga a bakin tsinke da ruwan lemun tsami, ɗigo ɗaya ba fiye ba, na riƙa dangwala wa ƙarafan har garin ya daina tsiyayar kumfa, ina kiyaye kada ya taɓa mini fata ko ido, kuma kada ruwa ya gangara ciki. Wannan magani na batir mai alkalin ne kawai, a duba rubutun jikin batirin tukuna, domin mai arahar nan na zinki da gawayi ruwansa daban ne, ba a sa masa tsami. Na goge wurin da busasshiyar auduga, na ɗan kankare tsatsar da ta rage, na bar na'urar a buɗe a inuwa har kwana guda. Sa'an nan na saka manyan batir biyu sababbi bisa alamar da aka zana, na bi su da sabon ɗan faifan, na mayar da katin.

Wajen buɗe murfin ma sai da lallashi. A kowace na'ura mai naɗewa akwai wata siririyar igiya shimfiɗaɗɗiya da ke haɗa fuska da gangar jiki, kuma kowane buɗewa da rufewa lanƙwasa ta yake yi. Idan ta gaji ta tsage, sai layuka su cika fuskar ko rubutu ya ɓace. Saboda haka na buɗe ta sau ɗaya, na bar ta a buɗe a kan tebur har na gama aikina. Na danna maɓallin Esc, wanda shi ne na kunnawa. Na ji ɗan ƙara, amma ban ga komai ba. Har na fara sallamawa, sai na karkata ta wajen hasken taga, na hango inuwar rubutu dishi-dishi. Ashe duhun rubutun ne ya yi ƙasa. Na riƙe maɓallin Fn na danna na ƙara duhu sau da yawa, rubutu ya fito sarai. Da ba ta motsa ba, akwai ɗan wuri kusa da mazaunin ƙaramin batir da ake dannawa da bakin waya domin a farkar da ita, amma ban kai ga bukatarsa ba.

Na fara duba C. Fayau yake, kamar ranar da aka ƙera ta. Na koma D, na buɗe ma'ajiyar kalmomin a manhajar Data, sai ga su a jere, kowace da ma'anarta da misalinta da ranar da na ji ta. Na fitar da su a matsayin zallar rubutu a kan katin, na mayar da shi babbar kwamfuta. Ranar ƙarshe da ke cikin jerin ta faɗo a watan Afrilu na 2006. Ni kuwa na san na koma ƙauyen a watan Agusta na shekarar, na yi sati uku, kuma a wannan zuwan ne na ɗauki muryar Kaka tana furta kalmomin da na yi shakkar furucinsu, domin na'urar tana da manhajar ɗaukar murya. Duk wannan a C na bar shi, ban kwafe ba. Na daɗe zaune ina kallon fuskar na'urar. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, a ranar na ji nauyin maganar.

Matsala ta uku ita ce ta fi shafar ku ɗaliban Hausa, kuma ba ta gyaruwa da lemun tsami. Na'urar tana amfani da jerin haruffa na yammacin Turai mai lamba 1252, wanda gurabensa 256 ne kacal. A cikinsa akwai à da è da ì da ò da ù, akwai kuma â da ê da î da ô da û, wato daidai alamomin da muke nuna karin sautin ƙasa da faɗau da su. Dogon wasali kuwa nakan ninka shi, in rubuta aa ko ii. Amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Baƙaƙe masu ƙugiya sun fara shiga rubutun boko tun shekarun 1930, kuma tsarin Unicode ya ba su gurabe tun farkon shekarun 1990, sai dai ƙananan na'urori da yawa na wancan zamani ba su hau wannan tsari ba. Kowa ya san abin da rashinsu yake jawowa: kaɗar da Kaka ke gurzawa ta koma kada na cikin kogi, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ya koma bata.

Dabarar da na yi a lokacin ita ce in rubuta babban baƙi a madadin mai ƙugiya. Kaɗa ta zama kaDa, shiɓa ta zama shiBa, saƙa ta zama saKa. Dabarar tana da kyau a tsakiyar kalma, kuma da umarni guda na musanya kowane K da D da B na tsakiya da baƙinsa na gaskiya. Abin da ban hango ba shi ne hannuna. Tun daga firamare an horar da shi ya fara kowane layi da babban baƙi, saboda haka kowace kalma da ke kan gaba a jerin da babban baƙi na fara ta, ko mai ƙugiya ce ko ba ita ba ce. Ga Koshiya ga Kwarkwaro a jere, babu abin da ya raba bakinsu. Kuma ban rubuta bayanin dabarar a ko'ina ba, domin a ganina na ɗan shekara ashirin da biyar, abin da na ji da kunnena ba zan manta ba.

Yawancin kalmomin ba su ba ni wahala ba. Na san ƙoshiya da ƙ take, wadda kuma na yi shakka na duba ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949. Sai goma sha ɗaya suka rage waɗanda ban same su a ƙamus ba, ban kuma taɓa jin su a bakin kowa ba sai Kaka. A nan ilimin ginin kalma ya taimake ni. Idan kalma mai ninki ce, baƙin tsakiya yakan tona asirin na farko. Dubi Kwarkwaro: da ƙ ce, da na rubuta KwarKwaro, tunda kuwa k ta tsakiya ƙarama ce, ta farkon ma k ce. Da wannan na warware biyu daga cikin goma sha ɗayan. Uku kuma na same su a tsakiyar jimlolin misali, inda hannuna bai sami dalilin girmama su ba. Saura shida.

A hutun da ya biyo baya na tafi ƙauye wajen Inna, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta yi kaɗi tare da Kaka tun tana budurwa. Bayan gaisuwa da cin abinci na faɗa mata abin da ya kawo ni. Na kiyaye wata ƙa'ida da nake so ku ma ku kiyaye: ban furta mata ko ɗaya daga kalmomin ba. Idan mai bincike ya riga ya furta kalma, mutanenmu saboda kara sukan ce haka ne, ko da ya karkace. Ma'anar kawai nakan karanta, in ce, Inna, abu kaza da ake yi wa zare kafin a kai wa masaƙi, yaya kuke ce masa? Sai in yi shiru. Huɗu ta faɗe su ba tare da jinkiri ba, na sa ta maimaita kowace sau uku ina ɗauka a waya, uku da ƙ, ɗaya da k. Biyun ƙarshe na yi bayani har na gaji, daga bisani na karanta mata su ta fuska biyun. Ta girgiza kai ta ce:

"Ɗana, waɗanga ban san su ba. Maganar tsohuwa ce, da ita ta tahi."

Ba zan rubuta biyun a nan ba, domin kada wani ya kwafe su da baƙin da na zaɓa da ka, gobe a same su a kundin wani a matsayin hujja. Suna cikin jerina da alamar tambaya a gabansu, kuma duk ƙauyen da na shiga na tarar da tsohuwa mai kaɗi nakan gwada sa'ata.

Na san babu ɗayanku da zai fita bincike da na'urar 1999. Amma wayar da ke aljihunku ita ce tsohuwar na'urar shekara ashirin masu zuwa, kuma ramukan da na faɗa suna nan yadda suke. Abin da kuka tattara da rana, ku kwafe shi wuri na biyu kafin ku kwanta, musamman murya, domin rubutu ana iya gyara shi da ƙamus, muryar wanda ya rasu kuwa ba ta da madadi. Ku ajiye kwafi guda a matsayin zallar rubutu da tsarin Unicode, wanda kowace kwamfuta za ta iya buɗewa, kada ku bar shi a cikin manhajar da ita kaɗai ta san harshenta. Ku saka maɓallan Hausa a wayoyinku ku rubuta ƙugiyoyin tun a gaban mai ba da bayani, ku kuma tsaya a kan tsari guda, ko ƴ kamar yadda ake rubutawa a Nijar, ko 'y kamar yadda aka saba a Nijeriya. Idan dole ta sa kun ƙirƙiri wata alama taku, ku rubuta bayaninta a layin farko na fayil ɗin, kamar kuna yi wa baƙon da bai san ku ba bayani, domin bayan shekara goma sha biyar ku ne baƙon. Na'urar da za a ajiye kuwa a cire mata batir, bayan an tabbata an kwashe abin da ke cikinta.

Wanda kuma yake da irin wannan tsohuwar na'ura a gida, ta mahaifi ko ta malami, kada ya yi saurin jefar da ita ko ya ba yara su yi wasa. A zare katin tukuna a kwafe, sa'an nan a yi maganar tayar da ita. Malamai da masu bincike da dama sun yi aiki da irinsu a ƙarshen ƙarnin da ya wuce da farkon wannan, kuma ajiya, in ji masu magana, maganin wata rana ce.

Da aka dawo hutu na shiga aji da mazarin da Inna ta ba ni, da gululunsa, da ɗan curin kaɗa. Na miƙa wa ɗalibar nan ta riƙe, ta murza shi a kan tebur ya yi juyi biyu ya faɗi, ƴan aji suka sake dariya. Na raba musu jerin kalmomin Kaka, kowa shafi biyu, na ce su kai wa tsofaffin gidajensu su tambaya ba tare da sun riga su furtawa ba, su dawo mini da abin da suka ji, da sunan garin da suka ji shi, da ƙugiyoyinsa cikakku. Na'urar tana kan teburin ofishina yanzu, babu batir a cikinta, katin kuma yana cikin ambulan tare da takardar da na rubuta bayanin manyan baƙaƙen a kanta da alƙalami.